Mai Labule da Fulogin na Biyu

Shafi na 23

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sarara mini haka nan, ga shi na kawo. Masu zagin Auta tun jiya kuma, ku ɗan riƙe bakinku tukuna ku karanta.

*

Labulen da matar nan ta watsar jiya yana nan a kan teburin yanka, Mai Labule ta hana kowa ɗaga shi. Tun safe take juya shi tana duba bakinsa. Ɗinkin a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zobban ratayewa kuwa guda biyu har sun fara ficewa. Ko a mafarki wannan ba aikin shagonta ba ne. Amma matar ta rantse har da dafa ƙirji cewa a shafin intanet na shagon ta ga hoton, ta yi oda, aka kai mata wannan abin kunyar. Kafin a tambaye ta da wa ta yi magana, ta zazzage zaginta ta shige mota.

Ga shi yau ce ranar da Mai Labule ta yi alkawarin miƙa makullin shagon. Sababbin masu oda sun ɗauke ƙafa ɗif tun watannin baya, kekunan ɗinki biyu sun yi ƙura, tela ɗaya ya gaji da zaman banza ya tafi. Baban yara kullum maganarsa ɗaya, ta rufe ta huta, ba ta rasa ci ba ta rasa sha. Yaya kuma, wato yayar mijin, ta ce tausayi take ji, ita za ta karɓi shagon da kekunan don kar su lalace, da yamma za ta zo a ba ta makulli. Shagon da Mai Labule ta fara da keke ɗaya a lungun ɗakinta, yau shi za ta ɗauka ta ba wani da hannunta.

Tana cikin wannan juye-juyen Injiniya ya yi sallama, jakar kwamfuta a kafaɗa, gumi na bin wuyansa. Shi ne ya gina mata shafin, kuma ita ta kira shi ta ce ko me yake yi ya ajiye ya zo.

"Hajiya, lafiya? Kira kamar gobara."

Ba ta nuna masa kujera ba. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, ka sayar da shafina?"

"Na me?"

"Ka ji ni sarai. Ka yi wani irinsa ka ba wani, ko ba ka yi ba?"

Ya sauke jakar a hankali. Auta, ƙanwar Mai Labule da ke guga a lungu, ta tsayar da dutsen gugar ta zuba musu ido.

"Hajiya, in wasa ne ki daina. Sana'ata ke nan, da ita nake riƙe iyalina."

"Ni ma tawa ce ke mutuwa a gabana." Ta zaro waya ta danna, ta miƙa ta dab da hancinsa. "Duba. Duba da kyau. Ka ga abin nan yana ta juyi? Kai ka ce mini za ka saka masa wani abu na gudu..."

"Fulogin."

"Ko ma mene ne sunansa! Ka ce da an saka shi, kafin a ƙifta ido shafi ya buɗe. Ni dai har yau sai na danna, na je na sha ruwa, na dawo, bai gama fito da hotuna ba. Amma matar jiya, a cikin zagin da take mini, cewa ta yi shafin ne ya ruɗe ta, wai tana taɓawa ya buɗe fit, komai tas-tas kamar na manyan kamfanoni. To wane shafin take nufi? Nawa dai rarrafe yake yi. Ke nan biyu ne. Kuma mutum ɗaya na sani da ya iya yin na biyun."

Injiniya ya ja numfashi, ya jawo kujera da kansa ya zauna tunda ba a yi niyyar ba shi ba.

"Ba biyu ba ne, Hajiya. Na yi miki wannan bayanin tun ranar da na saka shi, kina ta faɗa da mai kawo yadi a waya, kina cewa eh, eh, na gane."

Auta ta yi ƙasa da kai tana danne dariya. Harara ɗaya Mai Labule ta aika mata ta haɗiye abarta.

"To maimaita. Yau kunnena biyu."

"Da can, duk wanda ya buɗe shafinki, sai na'ura ta tattaro hotuna da rubutu ta haɗa masa shafin daga farko. Kamar a ce duk wanda ya leƙo shagon nan don ganin samfuri sai kin yanka sabon yadi kin ɗinka yana tsaye. Ga hotunanki da nauyi, tunda Auta yadda ta ɗauka haka take ɗorawa. Shi fulogin ɗin yana rage wa hotunan nauyi, sannan ya haɗa shafin sau ɗaya ya ajiye kwafinsa. Duk baƙon da ya zo, kwafin nan ake miƙa masa. Shi ya sa yake sauri."

"To ni me na yi masa da ba ya miƙa mini?"

"Ke ai mai gida ce. Duk wanda ya shiga da kalmar sirri ba a ba shi kwafi, na ainihin ake haɗa masa don ya ga gyaran da yake yi. Ke kuma wayarki kullum a ciki take, ba ki taɓa fita ba. Haka Auta. Ku kuna ganin na ciki, duniya na ganin kwafi."

Mai Labule ta auna maganar. Ta zauna mata, amma ba ta kwanta mata ba. Mutum in zai cuce ka ai da irin wannan lallausan bayanin yake zuwa.

"Na ji. To wannan tsummar fa?" Ta ɗaga labulen ta sake shi ya faɗo. "Ita ma kwafin ne ya ɗinka ta?"

Ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin yanka, ya ture almakashi da alli gefe, ya shiga cikin shafin ta ƙofarsa, wato da tasa kalmar sirrin. Ta tsaya a kansa ƙiƙam, hannu a ƙugu, tana bin yatsunsa da ido kamar ta san abin da suke yi. Ba ta san komai ba wallahi, fuskarsa kawai take karanta. Kuma a fuskar ta ga abin ya fara. Girarsa ta haɗe, ya matso da kansa kusa da gilashin, ya koma baya, ya sake matsowa.

"Wa ya kashe nawa?"

"Naka me?"

"Fulogin ɗin da na saka. A kashe yake. Ga wani daban yana aiki a madadinsa, wanda ban taɓa sakawa a shafin kowa ba."

"Kai dai ka sani."

"Hajiya, don Allah ki bar wannan maganar ki saurare ni. Nawa, duk sanda aka canza ko da harafi ɗaya a shafin, sai ya jefar da tsohon kwafi ya ɗauki sabo. Wannan kuwa an saita shi kada ya taɓa jefarwa. Kwafin da ya ɗauka tun watannin baya, shi yake ta miƙa wa mutane har yau."

Auta ta matso, dutsen guga har yanzu a hannunta.

"Kana nufin duk sababbin hotunan da nake ɗorawa..."

"Ku biyu kaɗai ke ganinsu."

"Innalillahi! Har da masu ruwan zumar nan da na kwashe yini guda ina ɗauka?"

"Har da su."

Mai Labule ta juyo a hankali ta dubi ƙanwarta. Wannan mamakin na Auta ya yi mata yawa, kamar wanda aka shirya. Mutum uku ne ke da hanyar shiga shafin nan, ita, da Injiniya, da Auta. In ba Injiniya ba ne, to saura wa? Nan take abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda Auta ke fita bayan shago in wayarta ta yi ƙara. Yadda take kife wayar in an matso kusa. Yadda ta daina kuka a kan rufe shagon, alhali da farko ita ta fi kowa ɗaga hankali.

"Auta."

"Na'am, Anti."

"Ajiye dutsen nan ki zo."

Ta ajiye ta zo tana goge hannu a jikin siket.

"Da wa kike waya a bayan shago?"

"Ni? Babu kowa."

"Babu kowa ne ke sa ki raɗa? Babu kowa ne ke sa ki kife waya in na shigo? Ki dube ni nan, ba ƙasa ba."

"Anti, wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"Me nake zato? Na faɗa miki abin da nake zato ne? Ashe kin san akwai abin zato!"

"Haba Anti..."

"Kar ki haba ni! Ni na goya ki. Ni na koya miki riƙe almakashi. Na ba ki kalmar sirrin shafina ba tare da na yi tunani sau biyu ba, don ina ganin ciki ɗaya muka fito. In da hannunki a wannan abin, ki faɗa mini yanzu da bakinki, kafin na'ura ta faɗa."

Idon Auta ya cika taf. Ta zaro wayarta ta buɗe ta tura mata a kan teburin.

"Ga ta nan. Ki duba duk. Aiki nake nema, Anti. Tunda kin ce yau za ki ba da makulli, ni ina zan nufa? Yaya ta riga ta ce ba ta buƙatata, tana da nata mutanen. Wani shagon ɗinki ne suka ce na riƙa kira ko gurbi zai samu. Na ɓoye miki ne don kar ki ga kamar na gudu na bar ki tun ba a rufe ba."

Ta fashe da kuka ta koma lungunta. Mai Labule ta bi wayar da kallo, ba ta taɓa ta ba. Kunya ta kama ta, amma zargin bai sake ta ba, don zuciyar da aka cuta ba ta yarda da hawaye da wuri. Ni dai a nan tausayin su biyun nake ji.

Injiniya ya yi gyaran murya.

"Kafin ku cinye juna, ku zo mu ga abin da baƙi ke gani. Wayata ba ta taɓa shiga shafin nan da kalmar sirri ba."

Ya rubuta adireshin. Ko ɗaga yatsa bai gama yi ba shafin ya baje a gabansu. Mai Labule ta ja baya kaɗan. Tunda aka gina shi ba ta taɓa ganinsa da wannan saurin ba. Ga sunan shagonta, ga tsofaffin hotunan, ga jan labulen da ta ɗinka wa wani otal, komai nata ne.

"To ai shi ne," ta ce. "Babu abin da ya canza."

"Ɗora taki wayar a gefen tawa. Mu bi su tare."

Sai da suka jira tata ta gama rarrafenta. Suka riƙa ja ƙasa tare, shi da yatsarsa, ita da tata. Bambancin hotuna kawai, nata sababbi, nasa tsofaffi. Har suka iso ƙasa, inda aka rubuta a kira wannan lamba don yin oda.

Yatsarta ta tsaya.

A wayarta, lambarta ce. A wayarsa, wata ce daban.

Ta duba tata, ta duba tasa, ta sake duba tata. Ta laluba bakin teburin ta zauna a kan tulin yadi.

"Wannan ba lambata ba ce."

"Na gani."

"Auta, zo ki duba. Kin san ta?"

Auta ta zo tana jan hanci, ta leƙa, ta girgiza kai. Mai Labule ta rubuta lambar a wayarta ko suna zai fito, babu abin da ya fito. Sabon layi ne.

"Yaya aka yi haka, Injiniya? Ni kullum sai na buɗe shafin nan. Kullum! Ina kallon lambata ina cewa me na yi wa mutane suka daina kira."

"Wanda ya yi ya san kina buɗewa, shi ya sa ya bi ta nan. Ya kashe nawa, ya saka wannan. Ya cire lambarki ya sa tasa, ya bari aka ɗauki kwafi, sannan ya mayar da taki ya kulle kwafin. Ke in kin duba ki ga komai daidai. Aikin bai fi a sha shayi a tashi ba. Amma wanda ya yi shi ya san kan kwamfuta, kuma ya san halinki."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi sukarta. Duk watannin nan tana zargin ɗinkinta, tana zargin farashinta, har ta fara yarda hannunta ne ya tsufa. Ashe mutane na nan suna kira, wani ne ke ɗagawa.

"Za ka iya gane wanda ya saka?"

"Ba zan ga fuskarsa ba, amma zan ga ƙofar da ya bi. Kowannenmu da tasa."

Ya koma kan kwamfutar. Auta ta tsaya ta harɗe hannu a ƙirji, ta daina kukan, jira kawai take a wanke ta. Da Injiniya ya ɗago, ba Auta ya kalla ba.

"Ba ta ƙofar Auta aka bi ba. Ba kuma tawa ba."

"To ta wa?"

"Taki, Hajiya."

"Tawa kamar yaya? Ni zan cuci kaina?"

"Ban ce ke ba ce. Ban da wayarki, a ina kuma kike shiga?"

"Babu... sai kwamfutar gida. Ita ma a buɗe take kullum, ban iya fita ba."

"Wa ke taɓa ta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yara," ta ce. "Yara na wasa da ita."

Yaran da babbansu bai gama iya rubuta sunansa ba! Injiniya ya kawar da kai ya shiga gyara igiyar caji da ba ta lalace ba. Auta ta dubi Mai Labule, ita kuwa ta ƙi yarda su haɗa ido. Kowa a shagon nan ya san mutum ɗaya ne a gidan ke zama gaban kwamfutar, kuma aikinsa ke nan a ofis tun safe har yamma. Babu dai wanda ya iya furtawa.

"A'a," Mai Labule ta ce, ita kaɗai, ba wanda ya tambaye ta. "Baƙi na zuwa gidan. Masu gyara na shiga. Kowa zai iya."

"Haka ne," in ji Injiniya a hankali. "Bari na goge kwafin. Danna ɗaya ne, lambarki ta dawo wa kowa yanzun nan."

Ta cafke hannunsa kafin ya kai.

"Kar ka taɓa. Kana gogewa za su san na gani." Ta juya wajen ƙanwarta, muryarta ta sauko. "Auta, ki yafe mini. Bakina ya riga hankalina."

Auta ta share ido da bayan hannu, ta gyaɗa kai.

"Injiniya, ara mini wayarka. Ba su san lambarka ba."

"Hajiya, ki yi tunani. Wani abin in aka ji shi ba ya komawa."

"Ba ni."

Ya miƙa mata. Ta danna lambar, ta sa a lasifika, ta jawo bakin mayafinta ta toshe baki da shi. Tana ta addu'a a ranta Allah ya sa baƙuwar murya ce, ɓarawon da ba ta taɓa gani ba, wanda za ta tsine masa ta huta.

Aka ɗaga.

"Salamu alaikum, shagon Mai Labule ke nan, barka da rana. Me za a ɗinka miki ko maka?"

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Muryar Yaya ce, an shafa mata zuma, irin wadda ba su taɓa jin ta yi wa kowa ba.

Mai Labule ta runtse ido. Ta siranta murya ta cikin mayafin.

"Labule nake so na gida gaba ɗaya. Amma na ji an ce mai shagon za ta rufe."

Yaya ta yi wata 'yar dariya.

"Wa ya faɗa miki? Babu inda za mu. Waccan matar ƙanena ce, mun bar ta ne tana ɗan taɓawa, to abin ya fi ƙarfinta. Yau ɗin nan ma zan karɓi makulli, daga gobe a can za ki same ni. Ke dai faɗi abin da kike so."

"Wa zai zo ya auna mini tagogin?"

"Kin ma yi sa'a, ga shi a zaune kusa da ni. Shi ke tsara mana komai. Riƙe, ku yi magana."

Aka ji motsin waya daga hannu zuwa hannu. Injiniya ya miƙo hannu zai katse, Mai Labule ta buge hannun.

"Ranki ya daɗe, barka da rana," in ji muryar da take ji kowace safiya a kan matashi ɗaya. "Tagogi nawa ne? Ki ba ni kwatancen gidan."

Mai Labule ta sauke mayafin daga bakinta. Hawaye na zuba, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Ba sai na ba ka kwatance ba, Baban yara. Gidanka ne, ka san tagoginsa."

Bai kashe layin ba, numfashinsa kawai ake ji.

Can daga gefensa Yaya ta ce, "Lafiya ka yi wani iri? Wace ce?"